Abuja: Birnin Da Ke Riƙe Da Makullan Bindiga

Duk wanda ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja a mota, da ya wuce Tafa ya kusanci Suleja, abin da zai fara tsare masa ido shi ne Dutsen Zuma. Dutse ne guda, ya miƙe sama kamar an dasa shi, ga wata alama a jikinsa mai kama da fuskar mutum tana duban masu wucewa. Hotonsa ne ke jikin takardar Naira 100. Ko da ya ke a Jihar Neja ya ke, matafiya sun ɗauke shi ƙofar babban birnin Tarayya, gama da an wuce shi an ratsa Madalla, sai Zuba, an shiga ƙasar Abuja ke nan.

Mutane iri-iri ke bin wannan hanya, kowa da bukatarsa. Akwai mai neman kwangila, da mai neman aiki, da tsohon ma'aikaci mai bin sawun fansho. Cikinsu kuwa akwai wani irin baƙo da ba a cika jin labarinsa ba, watau mai sha'awar wasan harbi. Shi ba soja ba ne, ba kuma farauta ce sana'arsa ba. Mutum ne da ya ga yadda a ke gasar harbin bara a ƙasashen waje, ko dai ya zauna can, ko ya gani a talabijin da intanet, ransa ya biya. Ya tara 'yan kuɗinsa, ya ƙudura zai sayi doguwar bindiga irin mai ɗura wa kanta harsashi, ya ajiye a gida, ran hutu ya fita ya gwada hannu. Irin wannan mutum, ko daga Sakkwato ya ke ko daga Kalaba, tilas maganarsa ta ƙare a Abuja, domin manyan makullan bindiga a nan su ke rataye. Ya kamata mai karatu ya bi sawunsa unguwa-unguwa, ya ga ƙofofin da zai ƙwanƙwasa, da amsar da ke jiransa a kowace.

Wace Irin Bindiga Ce?

Kafin a shiga gari, gara a san abin da baƙon ya zo nema. Bindigar da kowa ya sani a karkara ita ce ta toka, wadda a ke ce wa adaka, ko harbi-ka-ruga. A kan ɗura mata albarushi ta baki, a danna da sanda, in an harba sau ɗaya sai an sake zama an ɗura. Sunanta ma ya isa bayani. Sa'an nan akwai raifal ta da, wadda bayan kowane harbi sai mai ita ya ja ƙarfe da hannu ya fitar da kwanso, ya tura sabon harsashi. Can ƙarshe kuma akwai mai sarrafa kanta, irin ta yaƙi, wadda muddin yatsa na kan kunama ba za ta daina aman wuta ba sai harsashi ya ƙare.

Wadda baƙonmu na Abuja ke so tana tsakanin waɗannan biyu na ƙarshe. Kowane jan kunama harsashi ɗaya ne ke fita, amma ƙarfin iskar harbin ko turin da bindigar ta yi baya shi ne zai tofar da kwanso ya ɗauko wani harsashin daga gidansa. Mai harbi ba ya ɗaga ido daga saiti, iyakarsa ya sake ja. Wani Bature ɗan ƙasar Ostiriya, Mannlicher, ya ƙera irinta tun cikin 1885, sojan Amurka kuma suka ɗauki wata mai suna M1 Garand cikin 1936. Wadda ta fi suna yau ita ce AR-15, wadda Eugene Stoner ya tsara a Amurka cikin shekarun 1950, daga baya kamfanin Colt ya shiga sayar wa farar hula samfurinta mai harbi ɗai-ɗai. Abin da ya sa masu wasa ke sonta, watau sauri da sauƙin sarrafawa, shi ne kuma ya sa hukumomi ke tsoronta.

Tsohuwar Abuja

Suleja da baƙon ya ratsa ita ce Abuja ta asali. Bayan da jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Koro da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda a ke ce wa Abu Ja, shi ya kafa garin cikin 1828, ya kewaye shi da ganuwa, garin ya ci sunansa. Tsaunuka da sarƙaƙiyar wannan ƙasa sun taimaka wa mutanen Abuja suka riƙe kansu har zuwan Turawa cikin 1902. Da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni ran 3 ga Fabrairu, 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuwa aka sa masa Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

A zamanin sarakunan da, a ƙasar Hausa bindiga ba kayan kowa ba ce. Talaka da bakansa da kwarinsa, barde da mashinsa da takobinsa, bindiga kuwa galibi tana hannun bayin sarki da mutanen fada. Ragowar wannan tsari ne a ke gani ran hawan salla, sa'ad da 'yan bindiga ke tafe gaban sarki suna ɓarin albarushi. Sarkin Damagaram Tanimu ya yi suna cikin ƙarni na 19 saboda tarin bindigoginsa da igwa da a ke ƙera masa a Zinder, su ma na fada ne. Da Turawa suka zo rabon Afirka, sai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal cikin 1890, suka hana a sayar wa mutanen yawancin nahiyar bindigogin zamani, aka bar su da na toka. Amfanin wannan dabara ya bayyana cikin 1903, ran da dawakin Kano da na Sakkwato suka fuskanci bindiga mai jigida. Saboda haka tun kafin a haifi Nijeriya, duk mai mulki a wannan ƙasa ya san bindiga mai saurin harbi ita ce gindin iko, bai kuwa taɓa sakinta ga jama'a da son ransa ba.

Hanyar Kubwa

Daga Zuba babbar hanya ta miƙe gabas, ta wuce Dei-Dei da kasuwarta ta katako da kayan gini, ta wuce Kubwa inda dubban ma'aikata ke kwana su yi sammakon shiga gari. Daga hagu tsaunuka ne jere, ta cikinsu hanya ta ratsa Dutsen Alhaji ta haura Bwari, inda Makarantar Horon Lauyoyi ta ke. Ƙasa ce kyakkyawa, musamman da damina, in hazo ya sauka kan duwatsu, korama na gudu ta ƙarƙashinsu. Amma dajin da ke bayan tsaunukan ya haɗe da na Jihar Kaduna da na Neja, ta nan ne kuma tsoro ke shigowa birnin.

Ran 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka tare jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna daga Abuja, suka kashe mutane, suka kwashi fasinjoji zuwa daji. Cikin Yuli na wannan shekara aka kai wa sojojin da ke tsaron fadar Shugaban Ƙasa farmaki a yankin Bwari. Cikin Janairu 2024 kuma aka bi mutane har gidajensu a wannan yanki aka sace su, wasu ba su dawo da rai ba. Mai gida da ya kwana yana jin ƙarar harbi a bayan unguwa, in ya ce yana son bindiga, ba wasa ne a ransa ba. Wannan ita ce wahalar farko da mai sha'awar harbi zai tarar: a ƙasar da ba ta da kwanciyar hankali, da wuya hukuma ta rarrabe mai neman nishaɗi da mai neman kāre kai, da mai neman abin da ya fi haka muni. Dukansu magana ɗaya za su faɗa a bakin ƙofa.

Gindin Dutsen Aso

In an shigo tsakiyar birni, an wuce Babban Masallaci mai ƙubba ruwan zinariya da ginin Sakatariyar Tarayya, sai a iske fili ya buɗe a gindin Dutsen Aso. Nan ne Majalisar Tarayya ta ke, da Kotun Ƙoli, da fadar Shugaban Ƙasa, inda Gwamnati ta tare ran 12 ga Disamba, 1991, sa'ad da Janar Ibrahim Babangida ya baro Ikko. Tsarin Mulki na 1999 ya sa makamai da harsashi da nakiya cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. An ga gaskiyar wannan cikin Yuni 2022, da Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce a ba mutanen jiharsa lasin bindiga don su kāre kansu. Nan da nan Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya amsa cewa gwamna ba shi da wannan iko.

Dokar Bindigogi da a ke aiki da ita ta girmi birnin, ta ma girmi 'yancin kai, gama cikin 1959 ta fara aiki. Ta kasa bindigogi gida uku. Gida na fari shi ne haramtattu: igwa, da roka, da bom da gurneti, da mai jigida, da libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu, da raifal ta soja. Doka ta ambaci faɗin bakin raifal ɗin soja ɗaya-ɗaya, watau milimita 7.62, da milimita 9, da inci .300, da inci .303. Ba mai riƙe ɗaya daga cikin waɗannan sai da lasin Shugaban Ƙasa. Shahararriyar AK-47 ta Mikhail Kalashnikov, mai cin harsashi 30, bakinta milimita 7.62 ne, a wannan gida ta ke. Gida na biyu shi ne bindigogin amfanin kai: ta harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, da raifal ta wasa da farauta, da bindigar iska. Lasinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Gida na uku kuwa shi ne na toka, wanda aka bar wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

To, ina mai ɗura wa kanta ta faɗa? Game da ta harbin tsuntsu doka ta yi magana a fili: in tana sarrafa kanta, ko tana ɗura wa kanta, ko an yi mata wata na'urar sake ɗuri, ta fita daga gida na biyu, duk kuwa abin da ba a ambata a gida na biyu ko na uku ba haramtacce ne. Game da raifal kuwa, da faɗin baki doka ta yi awo, ba ta ce kome a kan yadda a ke ɗura ta ba. An rubuta ta tun kafin harsashin milimita 5.56, wanda AR-15 da bindigogin sojan ƙasashe da yawa ke ci yau, ya yaɗu a duniya. Kada baƙo ya ɗauka wannan shiru izini ne. Abin da shirun ya haifar shi ne an bar maganar ga ganin damar hukuma, mutum bai san matsayinsa ba sai ya je.

Gidan Louis Edet

Kan titin Shehu Shagari, ba nisa da Majalisa, akwai dogon bene mai suna Gidan Louis Edet, hedkwatar 'yan sandan Nijeriya. An sa masa sunan ɗan ƙasa na farko da ya zama Sufeto-Janar, cikin 1964. Tsaron ƙofarsa mai tsanani ne, ba kuwa banza ba, domin ran 16 ga Yuni, 2011, bom ya tashi a wurin ajiye motocinsa. Nan ne maganar baƙon za ta tsaya.

Doka ta lissafa waɗanda ba a ba lasin ko kaɗan: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka san ba ya iya kame kansa, da wanda cikin shekara biyar da suka wuce kotu ta same shi da laifin tashin hankali ko barazana. Amma ko mutum ya tsallake dukan waɗannan, doka ta ce lasin ba hakkin kowa ba ne. Hukuma na iya hanawa ba tare da ta faɗi dalili ba, tana kuma iya janye wanda ta bayar. Wannan shi ne babban bambanci da Amurka, inda gyara na biyu na tsarin mulkinsu, na 1791, ya sa riƙon makami cikin hakkokin ɗan ƙasa. Wanda ya koyi sha'awar bindiga daga finafinan Amurka ya zo da ita Abuja, ya zo da kuɗin da ba a karɓa a kasuwar nan.

Wanda Allah ya ba sa'a ya sami lasin, sai ya san amana ya ɗauka. Ba zai saya ba sai wurin dillali mai rajista. Ba zai sayar ko ya ba wani ba sai mai lasin. Harsashin da zai riƙe sai na bindigar da aka rubuta masa. Adana ta yana wuyansa, in ta ɓace ko aka sace ta, yana da kwana 14 ya sanar. In ya rasu, magada ba su gāji lasin ba, su ma kwana 14 doka ta ba su kafin riƙonta ya zama laifi. Iyalai da yawa na da tsohuwar mai baki biyu ta mahaifinsu a bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado, ba su san wannan ba. Hukuncin kuwa ba ƙarami ba ne. Riƙe haramtacciyar bindiga ba lasin ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, na gida na biyu kuma yana iya kai shekara biyar. Dokar fashi da makami ta 1984 ita ma ta tanadi nata hukuncin mai tsanani.

Shekarun baya-bayan nan ƙofar ƙara tsukewa ta yi. Cikin Fabrairu 2018 Sufeto-Janar Ibrahim Idris ya ba masu riƙe da haramtattun bindigogi kwana 21 su miƙa su. Cikin Agusta 2023 kuma Kayode Egbetokun, wanda ke riƙe da muƙamin a lokacin, ya sanar cewa an dakatar da ba da sabon lasin, saboda yawan makaman da ke yawo a ƙasa. A nan ne wani zai raɗa wa baƙon cewa akwai hanyar bayan gida, ya san wani wanda ya san wani. Wanda ya bi wannan raɗa, ya tashi daga mai wasa ya koma mai laifi tun bai harba ko ɗaya ba, kuɗinsa kuma sun shiga aljihun mutanen da ke sayar wa masu tare hanyar Kaduna. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Asokoro

In baƙon ya ce to, bari ya yi odarta daga waje, sai ya gangara Asokoro, unguwar manya mai inuwa da tsit, inda hedkwatar ƙungiyar ECOWAS ta daɗe. A Abuja ne shugabannin Afirka ta Yamma suka amince cikin 1998 su dakatar da shigo da ƙananan makamai, bayan sun ga abin da yaƙin Laberiya da na Saliyo suka yi. A nan ne kuma suka sa hannu kan cikakkiyar yarjejeniya ran 14 ga Yuni, 2006, wadda ta fara aiki cikin 2009. Ƙa'idarta ita ce, shigo da makami cikin yankin haramun ne sai an nemi izini na musamman, ko da gwamnati ce ke so. Ta kuma bukaci duk farar hular da za a ba lasin ya nuna dalili na halal, ya sami horo, ya ajiye bindiga dabam harsashi dabam. Dokar Nijeriya ita ma ta hana a aiko da bindiga ko harsashi ta gidan waya.

Duk da wannan shinge, ɓarna ba ta tsaya ba. Cikin 2017 kaɗai jami'an Kwastan sun kama bindigogi 2,671 a Ikko cikin kamu huɗu, irin waɗanda a ke ja da hannu a ɗura, da aka fi sani da fam-akshin. Cikin Yuli 2024 suka nuna wasu 844 da harsashi 112,500 da aka kama a tashar jiragen ruwa ta Onne, an ɗauko su daga Turkiyya. Wata cibiyar bincike ta birnin Janiba mai ƙididdigar ƙananan makamai ta ƙiyasta cewa cikin 2017 akwai bindigogi wajen miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya. A Amurka kuwa ta ƙiyasta miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa.

Ba Nijeriya kaɗai ke ɗari-ɗari da mai ɗura wa kanta ba. Ingila ta hana manyanta cikin 1988, bayan wani ya kashe mutum 16 a garin Hungerford, ta bar ƙaramar mai bakin inci .22 kawai. Ostareliya ta bi sahu cikin 1996 bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur, Gwamnati ta saye bindigogi fiye da 600,000 daga hannun jama'a ta lalata. A New Zealand, ran Juma'a 15 ga Maris, 2019, wani mai lasin ya shiga masallatai biyu na birnin Christchurch ya kashe masallata 51, ba a cika wata guda ba majalisarsu ta haramta yawancin irin waɗannan bindigogi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Afirka ta Kudu kuwa wata hanya ta bi cikin dokarta ta 2000. Tana ba ɗan wasa lasin irin wannan raifal, amma sai ya ci jarrabawar ƙwarewa, ya zama ɗan ƙungiyar harbi da hukuma ta amince da ita, ya kuma tanadi akwatin ƙarfe na ajiya.

Filin Wasa

Daga tsakiyar gari in an nufi filin jirgin sama, dab da Ƙofar Birni, ga babban Filin Wasa na Ƙasa, mai cin mutum fiye da 60,000. An gina shi don Wasannin Afirka na 2003, cikin 2019 aka sa masa sunan Moshood Abiola. A nan ya kamata baƙon ya tsaya ya tambayi kansa abin da ya ke so tsakani da Allah: bindigar ce, ko iya harbin?

In iya harbi ne, to, labari mai daɗi na jiransa. Harbin bara yana cikin wasannin Olamfik tun na farko da aka yi a Atina cikin 1896, kuma a gasar doguwar bindiga ta Olamfik ba a amfani da mai ɗura wa kanta ko kaɗan. Harsashi ɗai-ɗai a ke sakawa da hannu. A gasar mita 50 ƙaramar raifal ce mai bakin inci .22. A gasar mita 10 kuwa bindigar iska ce, ba albarushi ba ƙara, ƙwayar dalmarta milimita 4.5, ɗigon tsakiyar bara kuma rabin milimita ne, bai fi ɗigon alƙalami ba. Mai gasa zai tsaya a tsaye ya yi harbi 60 cikin minti 75. Abin da a ke gwadawa shi ne natsuwa, da riƙe numfashi, da sanin bugun zuciya, da haƙuri. Ƙasar Indiya tana da dokar bindiga mai tsauri, amma da bindigar iska Abhinav Bindra ya ciyo mata zinariya a Beijin cikin 2008, ita ce ta farko da wani ɗan ƙasar ya ci shi kaɗai. Tun daga nan yaran Indiya suka dunguma cikin wasan.

Nijeriya tana da ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa, amma wasan bai fita sosai daga barikin soja da na 'yan sanda ba. Dalili kuwa a fili ya ke. Ko bindigar iska, a dokar 1959, sai da lasin Sufeto-Janar. Ƙasar da ta haifi maharba da 'yan baka, waɗanda har yau a ke neman taimakonsu in daji ya gagara, ba ta rasa masu ido da hannu ba. Abin da ta rasa shi ne wurin koyo na halal, inda bindiga za ta kwana a ma'ajiyar ƙungiya, a ƙidaya harsashi da safe a ƙidaya da yamma, ɗan makaranta ya zo ya koya a gaban malami ya koma gida hannu wofi.

Giri

Hanyar filin jirgin sama ta wuce Lugbe, ta bar mararrabar Kuje a hagu. A Kuje ne aka fasa gidan yari daren 5 ga Yuli, 2022, fursunoni fiye da 800 suka tsere. Can gaba, inda hanyar ta haɗu da ta Lakwaja, nan ne Giri, ƙauyen Gbagyi da aka sani da ginin tukwane, yanzu kuma ga barikin soja a gefensa. Cikin Oktoba 2024 Cibiyar Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai, wadda aka kafa cikin 2021 aka kuma ba ta dokarta cikin 2024, ta tara bindigogi fiye da 2,400 a wannan bariki ta lalata su a gaban jama'a. A wurin, Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, Malam Nuhu Ribadu, ya faɗi magana mai ɗaci, cewa da yawa daga makaman da ke hannun miyagu asalinsu na Gwamnati ne, ɓatagari cikin jami'an tsaro ne suka fitar da su. Kafin wannan, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce akwai makamai 178,459 da ba a ga bayaninsu a ma'ajiyar 'yan sanda ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan shi ne abin da mai sha'awar harbi zai koma gida da shi. Hanin da aka yi masa yana da hujja, gama ƙasar da ke binne 'ya'yanta kowane mako ba ta bukatar ƙarin bindiga mai sauri a ɗakunan kwana, inda ɓarawo ko yaro ko fushin dare ɗaya zai iya kai hannu gare ta. Amma shi ma yana da tasa hujjar a kan birnin. Shi da ya zo ta ƙofa da takardunsa an sallame shi ba bayani, wanda ya haura katanga kuwa yana daji da tasa. Gyaran yana hannun mutanen gindin Dutsen Aso. Su sabunta dokar da ta haura shekara 60, su faɗi a fili irin bindigar da farar hula zai iya riƙewa da wadda ba zai iya ba, su raba bindigar iska ta ɗan wasa da ta mai farauta, su ba ƙungiyoyin harbi rajista da sharuɗɗa masu tsanani, sa'an nan Gwamnati ta fara ƙidaya nata makaman kafin ta ƙidaya na jama'a. Kafin ranar ta zo, shawarar da ta fi ga mai wannan sha'awa ita ce ya riƙe kuɗinsa, ya nemi ƙungiyar wasan ta halal ya yi tambaya, kada kuwa ya karɓi ko harsashi ɗaya daga hannun wanda ba dillali mai rajista ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.